Alƙiblar da Na Ɗauko Daga Bobigny

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Asabar a bayan garin Lyon ba, kuma ko da na so in manta, akwai wani Bazabarme da ya ɗauki alkawarin tuna mini muddin yana numfashi. Tun da labarin ya riga ya zaga har Paris, an ma fara ƙara masa gishiri a shagunan Goutte d'Or, na ga ya fi dacewa in ba da shi da kaina, a tsare, yadda ya faru.

Ni Bagobiri ne, tsohon malamin labarin ƙasa. Na yi karatu a makarantar 'yan mishan, a zamanin da ake duba farcen yaro da wuyan rigarsa kafin a duba darasinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yarda in shiga bisa sharaɗin ba zan bar salla ba. Su kuma 'yan mishan suka karɓe ni bisa sharaɗin ba zan ja layi a karkace ba. Na riƙe duka biyun har tsufa. Na koya wa yaran Maradi inda gabas take da inda yamma take har furfura ta fito mini, daga baya aiki ya kawo ni Faransa, na yi retret, wato ritaya, a Bobigny kusa da Paris. Iyalina sun san hali: idan na shiga ɗaki na ga agogon bango ya karkata, ba na amsa gaisuwa sai na gyara shi.

Autata Rakiya tana auren Isufu, ɗan Damagaram, mai gyaran injunan asibiti. Aikinsa ba ya zama wuri ɗaya. 'Yan makonni a wannan gari, 'yan watanni a wancan. Da suka gaji da zaman rabuwa, sai suka saki gidan haya, suka sayi irin motar nan da ake kira kampin-kar, mai gado da madafa da makewayi a cikinta, suka ce za su hau hanya da 'ya'yansu biyu, Nana da Habu. Rakiya za ta riƙa aikinta ta intanet, yaran kuma su yi karatu daga nesa.

Ban ɓoye ra'ayina ba. Na ce jikokina ba za su tashi a kan taya ba. Na ce a bar su a Bobigny wurina da uwargidana Hajiya, su shiga lakwal, makaranta mai bango da ƙararrawa, iyayen su yi ta yawonsu. Rakiya ta yi kuka, Isufu ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe aka tsayar da magana: in bi su in ga zaman da idona, idan mun kai Lyon na tabbata akwai sakaci, a ba ni yaran in komo da su. Hajiya ta ce ita ta gama yawon duniya. Ta haɗa mana kuka da daddawa da yaji, ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, gani za ka je yi, ba aikin sufeto ba." Na ce mata ban san bambancin ba.

Ranar tashi, motar tana tsaye a ƙasan benenmu, na sauko da busol ɗina, ɗan abin nan mai allura da ke nuna arewa. A cikin motar wuri ɗaya kawai ake iya shimfiɗa darduma, wato 'yar siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin madafa da teburi, ta miƙe zuwa wurin direba. Na auna a ciki, na fita na sake aunawa a waje (domin ƙarfen mota yana ruɗa allura, kuma ni ba na aikin ganganci), sai na tarar alƙibla ta faɗo daidai inda hancin motar yake kallo. Na yi hamdala. Na yanki 'yar jar takarda na liƙa a saman gilashin gaba, na tara iyali na yi musu sanarwa: "Ga alƙiblar gidan nan. Kada in ga wani ya ɗauko mini waya yana jujjuya ta kamar mai neman rezo." Daga nan na mayar da busol akwatinsa na ba Hajiya ajiya, domin a makarantarmu an koya mana cewa wanda ya yi aiki da kyau ba ya buƙatar maimaita shi.

(Mai karatu, na san ka riga ka gano. Ka yi haƙuri ka bar ni in iso da ƙafata. Ni sai da na ratsa rabin Faransa.)

Na ga Rakiya ta buɗe baki za ta yi magana, na ga Isufu ya taɓa hannunta, ta fasa. Na ɗauka ladabi ne. Ladabin ne kuwa, sai dai ban san zurfinsa ba.

Zaman ya fi yadda na zata tsari, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Teburin da ake cin tuwo a kansa shi ne gadon yara, shi ne kuma ajinsu da safe. Idan mutum zai wuce, sai wani ya shige kujera ya naɗe ƙafa. Ruwa a tanki yake, kuma kowa ya san in ya yi ɓarna wani ne zai ɗauki jarka ya nemi famfo cikin sanyi, saboda haka har Habu, ƙaramin, ya iya alwala da rabin buta. Rakiya tana tuƙa tuwo a kan murhu mai baki biyu, taga a buɗe, ƙamshin daddawa yana bi ta kan maƙwabtanmu Nasara. Wasu su ja tagoginsu, wasu su zo da faranti. Ni aka ba gadon baya mai labule. Na karɓi darasin rubutun hannu, domin na tarar rubutun Nana kamar inda kaji suka yi tono. Yaran suna kirana Papi. Na yi yaƙi da sunan nan, na sha kashi.

Shi kuwa Isufu, duk shekarun da ya yi a Faransa ba su rage masa kunyar suruki ba. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya haɗa ido da ni, ba ya musanta maganata. A gida mai ɗakuna wannan abu ne mai sauƙi. A cikin mota kuwa, ma'anarsa ita ce ya ɗauki kwanonsa ya koma kujerar direba ya juya mini baya, ko ya fita waje ya ci a tsaye, ko da ana yayyafi. Na ga haka, na yaba a raina, amma ban ƙara masa maki ba, domin a ganina wajibi ne ya sauke.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: mutumin nan bai iya ajiye mota ba. Duk inda muka sauka, an zana wa kowa wurinsa, sauran motoci suna jere kamar ɗaliban da suka ji ƙararrawa, tamu kaɗai ce a karkace. Sai ya shiga, ya leƙa wayarsa da ke kan cinyarsa, ya ja baya, ya murɗa, ya sake shiga, har maƙwabta su fito su kama ƙugu suna kallo. Wani lokacin ya wuce wurare masu kyau ya zaɓi na kusa da kwandon shara. Ko a wuraren hutawa na babbar hanya, sai ya zaga ya sake zagawa kafin ya tsaya mu yi salla.

"Isufu," nakan ce, "a ina aka ba ka takardar tuƙi?"

"A Damagaram, Baba."

"Na gani."

Wata rana kusa da Dijon muka samu wuri a bakin kogi, da ciyawa da inuwa, yara har sun cire takalma. Wurin da aka ba mu matsattse ne tsakanin itatuwa biyu, mota ba ta da hanyar shiga sai ɗaya. Isufu ya shiga, ya leƙa cinyarsa, ya ce ƙasar ba ta kwanta daidai ba, firigo, injin sanyaya abinci, ba zai yi aiki ba. Muka kwashe muka koma wani fili bayan kantin sayar da kayan gini. Nana ta yi kuka har ta gaji. Na ce masa uba na gari ba ya raba yara da kogi saboda firigo. Ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ni kuma kullum in shimfiɗa dardumata in fuskanci jar takardata. Idan gari ya waye sarari, in ga rana ta ɓullo ta gefen hagun gilashin gaba, daidai inda ilimi ya ce ta ɓullo, sai in gyaɗa kai in ce aikin busol ke nan. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda aka yi motar da ke yawo gari-gari take kwana kullum tana kallon wuri ɗaya ba.

Muka isa Lyon ranar sunan jaririn wani ɗan'uwan Isufu. An kama zaure a bayan gari, mai fili da katanga, kuma kusan duk mutanen Nijar na yankin sun hallara, ɗalibai da ma'aikata da dattawa. Da muka shiga filin, Isufu ya fara halinsa, ya soma murɗa sitiyari. Mutane suna kallo. Na ce yau kam ba za a kunyata ni a gaban jama'a ba. Na sauka da babbar rigata, na tsaya a gaban motar, na ɗaga hannu.

"Miƙe. Bi katangar nan. Miƙe, na ce."

Ya leƙo ta taga. "Baba, da dai an bar ni na ɗan juya ta..."

"Ba za ka juya komai ba. Taho. Taho. Tsaya."

Motar ta tsaya sambal da katanga, ko da ma'auni aka gwada ba za a sami kuskure ba. Na juya na dubi jama'a kamar wanda ya gama gina masallaci.

A cikin dattawan akwai Alhaji Seyni, Bazabarme, abokin wasana, wanda muka san juna tun zuwana Faransa. Yana ganina ya ce, "A'a, bawana ya iso! An ce yanzu a mota kake kwana. Gobir ta ci gaba." Na ce masa Bazabarme bai isa ya yi maganar wurin kwana ba. Bayan an ci an sha, na ja shi gefe tare da kakan jaririn, na shimfiɗa musu ƙarata. Na ce ina so su zauna da Isufu a ranar, su shaida cewa yaran za su bi ni Bobigny. Hujjata ita ce, mutumin da ba zai iya daidaita mota da layi ba, ba zai iya daidaita tarbiyyar yara ba. Na ba su labarin kogi. Kakan jaririn ya ce a bari a yi la'asar tukuna.

Zauren ya cika da mata, sai aka shimfiɗa wa maza tabarmi a fili, kusa da motarmu. Aka ce ni ne babba, in shige gaba. Samari suka zaro wayoyi suna neman alƙibla. Abin ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

"Ku mayar da wayoyinku aljihu," na ce, da muryar da nake tsayar da aji. "An riga an auna. Alƙibla tana inda hancin motar nan yake kallo. Ku daidaita sahu."

Wasu suka dubi wayoyinsu, suka dubi motar, suka dubi furfurata, furfura ta yi nasara. Suka ja tabarmi suka jera. Rana tana dukan fuskokinmu, har wasu suna kare ido da hannu. Isufu ya matso bayana, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba..." Na ce, "Isufu, koma sahu. Wannan ba ajiye mota ba ne."

A daidai nan Alhaji Seyni ya iso daga alwala, yana yarfe ruwa daga hannu. Ya tsaya. Ya dubi sahu, ya dubi rana, ya dube ni.

"Bagobiri, tun yaushe aka mayar da Makka wajen faɗuwar rana? Ba a aiko mana takarda ba."

"Na auna da busol," na ce. "Ciki da waje."

"A ina?"

"A Bobigny."

"A Bobigny." Ya gyaɗa kai a hankali. "To, motar tana Bobigny har yanzu?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru a kaina ba. Na ji maganata ta dawo mini kunne kamar wani ɗalibi ne ya faɗe ta, irin ɗalibin da nakan tsayar a gaban allo har a tashi. Mota tana juyawa. Abin da Habu ya sani ke nan, abin da ma kowace akuya da aka taɓa ɗorawa a bayan a-kori-kura ta sani. Ni kuwa, malamin labarin ƙasa, ina tsaye gaban jama'a, ranar la'asar tana cikin idona, ina ce musu nan ne wajen Makka. Wani saurayi a sahun baya ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, bai samu sa'a ba, daga nan kowa ya saki tasa. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai na ji muryar Isufu, da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi magana da shi a gabana ba. "Jama'a, laifina ne. Awon Baba daidai yake. Ni ne yau ban ajiye motar yadda ya kamata ba."

Kowa a wurin ya ga wanda ya ajiye motar. Alhaji Seyni ya daina dariya, ya ƙura masa ido. "Yau? To sauran ranakun fa, ɗana? Yaya kake ajiye ta?" Isufu ya sunkuyar da kai. Amsar ta zo mini da kanta, ɗaya bayan ɗaya: wayar da ke kan cinya, ja da baya, kwandon shara, itatuwa biyu na bakin kogi.

Aka juya tabarmi. Na ce a sa wani ya ja salla, kakan jaririn ya kama hannuna ya ce, "Malam, shige gaba, kai muka zaɓa." Na ja sallar, kuma ban taɓa jin nauyin rigata kamar ranar ba. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Da ya bar ni na koma sahun baya, da ban sake iya shiga taro a Lyon ba.

Bayan an sallame na shige mota na ja labulena. Rakiya ta biyo ni da shayi, ta zauna a bakin gado.

"Tun daga Bobigny?" na tambaye ta.

"Tun daga Bobigny, Baba."

"Sallolina fa?"

"Ko ɗaya ba ta kauce ba. In wuri bai ba da hali ba, sai ya ce mu canza wuri."

"Firigon?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Me ya hana ku faɗa mini? Ke ba 'yata ba ce?"

"Na so in faɗa, ya hana ni. Ya ce ba zai iya zama yana kallo a ce wa surukinsa ya yi kuskure a gaban jikokinsa ba." Ta yi ɗan murmushi. "Ya ce juya mota ya fi sauƙi."

Ban tambaye ta ya fi me sauƙi ba. Na sani.

Na aika a kira Isufu. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar motar, bai shigo ba. Na shirya jawabi mai gabatarwa da jiki da kammalawa, amma da na ga ƙeyarsa a sunkuye sai duk ya watse. Na ce, "Isufu, na zage ka daga Paris har Lyon a kan alherin da kake yi mini. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Baba, ba komai, wallahi ba komai," yana neman hanyar gudu. Na ce ya tsaya, ban gama ba. Na ce yaran za su zauna wurin ubansu, domin abin da suka gani yana yi kullum da yamma, babu lakwal ɗin da ke koyar da shi, har da wadda na yi. Rakiya ta rufe fuska da gyale. Nana, wadda ashe tana laɓe a kujerar gaba, ta leƙo ta ce, "Papi, ke nan za mu koma kogin?" Muka koma kuwa, a mako na gaba, na yi sallata a kan ciyawa.

Lokacin da na fito in sanar da dattawa cewa na janye ƙarata, Alhaji Seyni ya riga ya kira mutum biyu a Paris. Ya ce, "Bawana, kada ka damu, zan rufa maka asiri. Zabarmawa kawai zan gaya wa." Hajiya kuwa da na kira ta, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, sufeto, wa ya faɗi jarrabawar?"

Na ci gaba da tafiya da su har sanyi ya yi tsanani, ba don bincike ba, sai don sun roƙe ni, ni kuma ina so. Na gode wa Allah da ya ba 'yata miji irin wannan, na kuma gode masa da ya nuna mini shi tun ina da rai, ko da yake da an nemi shawarata, da na zaɓi a nuna mini a wurin da babu Bazabarme.

Abin da na koya, na koye shi a makare, amma zan faɗa ko wani tsoho zai amfana. Idan ka kai shekaruna ka ga kullum kai ne mai gaskiya, ba wanda ya taɓa kama ka da kuskure, to kada ka yi saurin yaba wa kanka. Ka leƙa ta taga tukuna. Mai yiwuwa akwai wani bawan Allah a waje yana ta zufa, yana juya gidan gaba ɗaya don kada ka sani.